Murya Ba Ta Tsayawa a Shinge: Tarihin Kwaikwayon Murya Tsakanin Katsina da Maraɗi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta nufi Maraɗi ya san Jibiya, ya kuma san Magama, inda motoci kan tsaya a duba kaya da takardu kafin a ƙetara zuwa Ɗan Isa cikin ƙasar Nijar. A nan akan tsare buhun hatsi, a tsare jarkar fetur, wani lokaci ma a rufe hanyar ɗungum, kamar yadda aka yi daga 1984 zuwa 1986, aka sake yi daga 2019 zuwa 2020, aka kuma maimaita daga watan Agusta na 2023 zuwa watan Maris na 2024. To, amma akwai wata haja guda wadda har yau ba a sami ɗan kwastan ko jandarman da ya iya tsare ta ba, watau muryar da ke fitowa daga akwatin rediyo. Ko shinge na rufe, mutumin Jibiya da ɗan'uwansa na Ɗan Isa kan saurari wasan kwaikwayo ɗaya da dare, su yi dariya a wuri ɗaya.

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce mu bi sawun wata fasaha wadda ba kasafai masu nazarin adabinmu suke kula da ita ba, ita ce kwaikwayon murya. Abin da muke nufi da wannan shi ne mutum ya ajiye muryarsa ya ari ta wani, ta yadda mai saurare, ko da bai ga kowa ba, zai rantse tsoho ne ke magana, ko soja, ko amarya. Za mu ga cewa Bahaushe ya mallaki wannan fasaha tun kafin a ƙera makirfo, kuma a fagen wasa yake koyonta. Sa'an nan za mu duba yadda makirfo da rikoda suka mai da wannan wasa sana'a, da kuma abin da ya rage gare mu, mu ɗalibai, mu yi game da ita.

Ƙasa Ɗaya, Shinge a Tsakiya

Ya kamata mai karatu ya fara sanin dalilin da ya sa muka zaɓi Jibiya ta zama wurin tsayawarmu. Lokacin da masu jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, mulki ya koma hannun Malam Ummarun Dallaje, sai gidan sarautar Haɓe ya yi ƙaura zuwa arewa. Bayan an ɗauki shekaru ana fafatawa, Ɗan Kasawa ya kafa zamansa a Maraɗi wajen 1819, kuma har yanzu sarkin wannan gari Sarkin Katsina ake ce masa. Ashe ke nan mutanen da ke kudu da Jibiya da waɗanda ke arewa da ita duk Katsinawa ne. Da Turawa suka zo, Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniyar raba ƙasa a 1898, suka gyara ta a 1904 da 1906. Daga nan wani ayari ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ya bi daji yana kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Layin da suka ja ya bar Jibiya a hannun Ingilishi, Maraɗi kuwa a hannun Faransawa.

Wannan rabo ya taɓa harshe ƙwarai. Yaron Jibiya ya tafi makarantar boko, na Maraɗi ya tafi lakwal, inda yake kiran malaminsa mushe. Wannan ya ƙirga sule da fam, daga baya naira, wancan ya ƙirga dala da jikar sefa. Duk da haka asalin karin harshen bai sake ba. Dukansu "zamna" suke cewa inda Bakano zai ce "zauna", da "amre" maimakon "aure", da "tahi" maimakon "tafi", da "hwara" maimakon "fara". Ranar kasuwar Jibiya kuwa, a rumfa guda mutum zai ji Katsinanci tsantsa, ya ji Hausar da ta sha Faransanci, da ta Bafillace mai tallar nono, da ta Buzu, da ta direban Kano, da ta sojan da aka turo daga kudu. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri kunnensa kan buɗe da wuri, kuma ba ya daɗewa sai ka ji shi yana kwaikwayon duk waɗannan mutane don ya ba tsararrakinsa dariya.

Kafin Zuwan Makirfo

Makarantar farko ta kwaikwayon murya ita ce ɗakin kaka. Tatsuniya da dare ake yin ta, sau da yawa ma fitila a kashe, saboda haka mai ba da ita ba ta da abin nuna wa yara in ban da murya. In Gizo zai yi magana sai ta sa tsamin baki, "sarki" ya koma "shayki". In Kura ce sai ta kumbura murya ta yi ƙasa da ita, in Ƙoƙi ce ta sirantar da ita, in kuwa Dodo ya shigo sai ta yi gurnani har ƙananan su matso jikinta. Ba ta bukatar ta riƙa cewa wane ne ya faɗi kaza, domin da ta buɗe baki yaran sun san mai maganar. Wannan kuwa shi ne ainihin aikin ɗan wasan rediyo. Kashegari yaran kan maimaita tatsuniyar ga junansu, wanda Gizonsa bai yi armashi ba a yi masa ele, shi kuma ya koma ya gyara.

Makaranta ta biyu ita ce tashe, wanda ake farawa idan watan azumi ya kwana goma. A wasan Tsoho da Gemu, yaro ɗan shekara goma kan manna gemun auduga ya dogara sanda, amma abin da ke sa matan gida su buɗe bakin jaka shi ne rawar murya da tarin tsufan da yake yi. A Macukule ana kwaikwayon Bagwari, a Jatau Mai Magani ana kwaikwayon mai tallar sauyoyi, 'yan mata kuma a Mairama da Daudu suna kwaikwayon zaman aure. Idan kaka ta yi sai samari su shirya kalankuwa, a naɗa gwamna da alƙali da ɗan doka na wasa, kowa ya ɗauki irin maganar mai muƙaminsa. A ƙasar Nijar akwai irin wannan, wanda ake kira wasan kara, saboda da karan hatsi ake ƙera kayan wasan. A cikin gidajen sarauta ma akwai wasan gauta, inda matan gida ke kwaikwayon sarki da hakimansa, har mai sarauta ya ji yadda maganarsa take a kunnen jama'a.

Waɗanda suka fara cin abinci da wannan fasaha su ne 'yan kama. Ɗan kama kan ɗauki waƙar wani sanannen makaɗi, ko salon karatun malami, ya kwaikwayi muryar da karin daidai wa daida, amma ya cika su da zancen tuwo da miya da fura. Daɗin abin yana wajen kamannin, domin in muryar ba ta yi kama da ta mai ita ba, babu abin dariya. Wani Bature mai suna Gidley ya yi nazari a kan 'yankamanci, aka buga shi a Landan a 1967, kuma yana cikin rubuce-rubucen farko da suka ɗauki wannan sana'a da muhimmanci.

Har ila yau akwai wasannin motsa harshe. Gagara-Gwari kan jera kalmomi masu "k" da "ƙ", ko "s" da "ts", a ce yaro ya faɗe su da sauri ba tare da harshensa ya harɗe ba. Zaurance kuma kan cusa wata gaɓa a tsakanin gaɓoɓin kalma, ko ya juya su, har magana ta ɓace wa wanda bai iya ba. A makarantun koyon wasan kwaikwayo na ƙasashen Turai da Amurka, irin wannan motsa harshe darasi ne da malami ke koyarwa a aji. Yaran Hausawa kuwa a dandali suke yin sa, ba wanda ya sa su.

Zuwan Rediyo

Na'urar farko mai ɗaukar magana ta maido da ita, Edison ne ya ƙera ta a Amurka a 1877, kuma abin da ya fara faɗa a cikinta 'yar waƙar yara ce. Ke nan ita kanta ɗaukar murya da wasa ta soma. A watan Janairu na 1924 gidan rediyon BBC ya watsa wasan da aka rubuta musamman domin rediyo, wanda Richard Hughes ya tsara. Ya sa labarin a cikin ramin haƙar kwal bayan fitilu sun mutu, don 'yan wasan da masu saurare duk su zama cikin duhu ɗaya. Dabarar da ya gano ita ce wadda kakanninmu mata suka daɗe suna aiki da ita.

A ƙasar Hausa rediyo mai waya ce ta fara zuwa. An buɗe ta a Kano a 1944, inda ake jan waya daga tasha zuwa akwatunan da aka kafa a gidaje da wuraren taruwar jama'a. A 1951 aka kafa hukumar watsa labarai ta Nijeriya, aka sake mata tsari a 1957. A wannan shekara, ran 13 ga watan Maris, Sashen Hausa na BBC ya fara aiki da shiri na minti 15, kuma muryar da aka fara ji ta mutumin lardin Katsina ce, Aminu Abdullahi Malumfashi. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, ta buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna. Wannan ya zo daidai da yaɗuwar ƙaramar rediyo mai aiki da batir, wadda manomi zai rataya a kafaɗa ya tafi gona. A kan mita 49 gajeren zango, muryar Kaduna ta wuce Jibiya, ta wuce Maraɗi, ta kai har Damagaram da Tawa.

Da tasha ta samu, sai aka shiga neman abin da za a cika ta da shi, wasan kwaikwayo kuwa ya zama cikin abubuwan da jama'a suka fi so. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, watau Zamanin Nan Namu, wanda aka buga a 1959, da Jatau Na Kyallu, a rediyo aka fara jin su kafin su zama littafi. Haka kuma Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan, wanda ya daɗe ana yin sa a Rediyon Kaduna kafin a buga shi a 1980. Akwai kuma Basafce da Duniya Budurwar Wawa, waɗanda iyayenmu ba su manta da su ba. Abin lura a nan shi ne, mu a jami'a littattafan muke karantawa mu yi jarrabawa a kansu, alhali mafi yawan mutanen da suka san waɗannan wasanni da kunne suka san su.

Babu misalin da ya fi na Samanja Mazan Fama nuna ƙarfin murya. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, Banufe ne kuma tsohon soja. Ya ɗauki Hausar bariki, wadda ba ta rarrabe namiji da mace, wadda ke gauraye da Turancin fareti da tsawa, ya gina mutum sukutum da ita. Kafin mutane su ga kakinsa da gashin bakinsa a talabijin, muryar ta riga ta zana musu shi. Mutanen kan iyaka, waɗanda kullum suke cuɗanya da masu kaki, ba su bukaci a yi musu bayanin wane ne Samanja ba. Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, shi ma gwani ne wajen sarrafa harshe, kamar yadda duk wanda ya kalli Karambana zai shaida.

Abin da Makirfo Ya Koyar

Ɗan wasan da ya taso daga dandali ya shiga ɗakin ɗaukar magana, sai ya tarar akwai sababbin ƙa'idodi. A dandali ana ɗaga murya don na baya ya ji, makirfo kuwa ba ya son ihu. Akan tsaya kamar tsawon tafin hannu ɗaya ko biyu daga gare shi, a yi magana kamar da mutum guda ake yi. Nisa da kusanci su ne ke zana wuri a zuciyar mai saurare. In ana so a nuna baƙo yana sallama daga zaure, sai ɗan wasa ya ja da baya ya ɗan kau da kai. In gulma za a yi, sai ya matso ya yi raɗa. Haruffa irin su "b" da "f" suna fitar da iska mai bugun makirfo, don haka akan ɗan karkata baki gefe. Ko motsin takardar da ke hannu sai an yi hattara da shi.

Sauran ƙararraki kuma da 'yan tarkace ake yin su. Ƙoƙuna biyu a kife su ba da sukuwar doki, ruwa a bokiti ya zama kogi, takardar da aka murtsuke ta zama gobara. Wanda ya taɓa ƙera motar kara, ko ya haɗa gwangwanaye biyu da zare ya yi wayar tarho, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Akwai wata wahala kuma wadda ta keɓanta ga harshenmu. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. "Kuka" na mai hawaye da "kuka" ta miya rubutunsu ɗaya, haka "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala. Mai karanta takarda a gaban makirfo dole idonsa ya riga bakinsa, ya gane ma'anar jimla kafin ya furta ta, in ba haka ba ya sa jama'a dariya a inda ake son su yi juyayi.

To, amma babban abin da na'ura ta kawo shi ne maido wa mutum da muryarsa. Ɗan Adam ba ya jin muryarsa yadda wasu ke jin ta, domin wani sashe nata ta ƙasusuwan kansa yake isa kunnensa, shi ya sa yake jin ta da kauri fiye da yadda take. Saboda haka ne duk wanda aka fara ɗaukar maganarsa aka kunna masa yakan ce wannan ba shi ba ne. Ɗan kama na da ba shi da ma'auni sai dariyar 'yan kallo. Ɗan wasan zamanin tef kuwa yana iya faɗin magana, ya saurara, ya goge, ya sake, har sau goma, shi kaɗai a ɗaki. Daga nan ne gwajin murya ya zama abin da mutum zai iya koya wa kansa.

Ɗaya Gefen Shingen

A Nijar an buɗe gidan rediyon ƙasa a Yamai a 1958, wanda aka sa wa suna Muryar Sahel a 1974. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraren rediyo, kuma tsarinsu abin a tsaya a duba ne. Akan ba jagoran ƙungiya, wanda galibi malamin makaranta ne, akwatin rediyo da rikoda. Ya tara mutanen gari su saurari shiri a kan noma ko lafiya, su tattauna, ya ɗauki maganarsu ya aika da tef ɗin Yamai, a tace a watsa. Ta haka talakan ƙauye ya saba da tsayawa gaban makirfo, ya kuma ji muryarsa da karin harshen garinsu suna fitowa daga akwati.

Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, an farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, aka riƙa yin bikin matasa na ƙasa inda jihohi ke gasar wasan kwaikwayo. Ƙungiyar da ta fi shahara ita ce ta gidan rediyon Damagaram, wadda sunan Yazi Dogo ya fito daga cikinta. Wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta zauna da waɗannan 'yan wasa, ta fitar da littafi a kansu a 1987. Abin da ta nuna shi ne ba sa rubuta wasa kalma bayan kalma. Sukan yarda a kan labari, kowa ya ɗauki mutumin da zai zama, sa'an nan a yi ta gwaji, magana tana fitowa daga bakin ɗan wasa, har wasan ya nuna. A irin wannan tsari, wanda bai iya kama muryar Alhaji ɗan kasuwa ba, ko ta ma'aikaci mai cusa Faransanci a kowace jimla, ba shi da abin da zai kawo.

Sauraren bai zama na gefe guda ba. Mutanen Nijar sun kasance cikin masu aika gaisuwa a shirin Zaɓi Sonka na Kaduna, mutanen kan iyaka ta wajenmu kuma suna kama tashoshin Nijar. Da aka ba 'yan kasuwa izinin buɗe tashoshi a shekarun 1990, Maraɗi ta sami irin su Anfani, kuma tsakanin Maraɗi da Jibiya ba wata tazara ba ce ga rediyo.

Zamanin Rikoda

Kamfanin Philips ya fito da ƙaramin kaset a 1963, amma sai a shekarun 1970, da kuɗin man fetur suka shigo, rikoda ta zama kayan ɗakin amarya da abin ratayawar saurayi. Hanyar Jibiya, wadda Alhazan Maraɗi da 'yan kasuwar Katsina da Kano suka raya, ta ɗauki rikodoji da kaset-kaset na su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos zuwa arewa. Wanda bai iya rubutu ba ya sami hanyar aika wasiƙa. Ɗan ci-rani ya zauna ya gai da kowa da sunansa a cikin kaset, ya ba direba ya kai gida, a taru a tsakar gida a saurara.

Rikoda tana da jan maɓalli, kuma wannan maɓalli ya ba samari abin wasan da ba su taɓa samu ba. In babba ya fita, sai a taru a zaure. Wani ya riƙe ludayi a matsayin makirfo ya karanta labaran duniya da muryar mutanen Landan, wani ya kawo sharhin ƙwallo, wani ya zama Samanja yana horon kurtu, wani ya toshe hanci ya zama tsohuwa mai faɗa. A mayar da kaset baya, in batir ya yi sanyi a juya shi da biro, a saurara, a yi ta dariya, a sake. Irin wannan wasa ba ya shiga littafin tarihi, domin kaset ɗin da aka yi shi a kai gobe za a goge shi a ɗauki waƙa. Amma a cikin wannan zamani ne ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na matasa suka yawaita a birane, har ɗaya daga cikinsu, Tumbin Giwa ta Kano, ta fitar da Turmin Danya a kaset na bidiyo a 1990, wanda ake ɗauka shi ne mafarin finafinan Hausa na kasuwa. Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, in aka duba yadda yake juya waƙoƙin wasu da yadda yake shiga muryar kabilu iri-iri, ɗan kama ne da ya sami kyamara.

A shekarun 2010 kuma sai ga wata sana'a wadda murya ce jarinta gaba ɗaya, watau fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa, wadda ɗakunan ɗaukar magana na Kano irin su Algaita suka yi suna a kanta. A nan mai magana yana kallon leɓen ɗan wasan da bai san Hausa ba, yana auna jimlarsa ta fara tare da buɗe bakin wancan ta ƙare tare da rufewarsa, kuma sau da yawa mutum guda ke yin murya fiye da ɗaya. Waɗannan finafinai a wayar hannu ake tura su, su ƙetare Magama a aljihu. Gidajen rediyon waje su ma sun ci gaba da wasan kunne, kamar Ji Ka Ƙaru na Muryar Jamus, wanda aka fara a 2008.

Abin da Ke Neman Kuɓuce Mana

Abu biyu ne ya kamata su dame mu. Na farko, makirfo ya karkata ga Hausa iri ɗaya. A watan Janairu na 1980 masana daga Nijeriya da Nijar sun taru a Yamai don daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa, kuma wannan aiki ne mai kyau, domin littafi yana bukatar ƙa'ida guda. Amma abin da ya dace da alƙalami bai zama dole ga baki ba. Yau a wasanni da yawa, in ka ji Katsinanci ko Gobiranci ko Sakkwatanci, to, baƙauye aka fito da shi don a yi masa dariya, likita da alƙali da masoyi kuwa duk Kananci suke yi. Yaron Jibiya da ke ganin haka, in an miƙa masa makirfo sai ya ɓoye "zamna" ɗinsa kamar abin kunya. Kwaikwayon wasu kabilu ma yana da iyakarsa a al'ada. Barkwancin Fulani da Barebari, ko na Kanawa da Zagezagi, ko na Gobirawa da Yarabawa, wasa ne na taubasai wanda kowane ɓangare ke ramawa. In ramuwar ta ɓace, wasa ya zama cin fuska.

Na biyu shi ne ajiya. Tef ba ya jure zafi da ƙura da laima, kuma saboda tsadarsa gidajen rediyo a ko'ina cikin duniya, har da BBC, sun sha goge tsofaffin shirye-shirye su ɗauki sababbi a kai. Littafin Yusuf Ladan yana nan a ɗakin karatu, amma muryoyin da suka raya shi ba su da wannan tabbaci. Duk tsohon ɗan wasa ko tsohuwa mai tatsuniya da ya rasu ba a ɗauki maganarsa ba, ya tafi da abin da ba a iya rubutawa.

Kammalawa

Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi a yau ta fi rikodar iyayenmu ɗaukar magana, saboda haka ba mu da uzurin rashin kayan aiki. Ƙungiyarmu tana iya keɓe yamma ɗaya a mako don wannan wasa. A ɗauki gajeriyar magana kamar "sannu da zuwa", kowa ya faɗe ta yadda uwargida za ta faɗa wa amarya, da yadda uwa za ta faɗa wa ɗanta da ya daɗe a ci-rani, da yadda wanda ake bi bashi zai faɗa wa mai binsa. A kashe fitila, mutum guda ya yi tatsuniya da dukkan muryoyinta. A ƙaga muhawara a bakin shingen Magama tsakanin ɗan kwastan da direba da tsohuwar da za ta Maraɗi biki, sa'an nan a yi musayar matsayi, kuma a gwada ba alƙali ko likita Katsinanci a ji yadda zai kasance. Bayan kowane gwaji a kunna a saurara tare, mai maganar ya fara faɗin abin da ya ji kafin sauran su sa baki.

In an tafi hutu kuma, kowa ya nemi izinin wani tsoho ko tsohuwa a garinsu ya ɗauki tatsuniya ko labarin tashen zamaninsu, ya rubuta sunan mai maganar da garin da ranar, ya kawo wa sashe a adana. Ɗalibanmu 'yan Jibiya da Ɓatsari da Kaita, da 'yan'uwanmu da suka zo karatu daga Maraɗi da Tasawa, su ya kamata su fara.